Balkhi a Zaurukan Birnin Zazzau: Tsokaci kan Littafin Masalihul Abdani wal Anfusi

A ƙarshen watan Satumba na 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutane fiye da 300, manya da yara, da yawansu da mari a ƙafa. Kafin watan Oktoba ya ƙare an buɗe irinsa a Daura da Katsina, sannan a Zariya kanta, inda aka fito da mutum 11. Jaridu sun yi ta magana kan sarƙa da tabon bulala, kuma sun yi daidai. Abin da bai samu kulawa sosai ba shi ne hanyar da waɗannan bayin Allah suka bi suka isa can. Akasarinsu danginsu ne suka kai su da hannunsu, har suna biyan kuɗin ciyarwa. Uwar da ta miƙa ɗanta ga mai mari gajiya ce ta kai ta: ta yi tofi, ta karɓo rubutu, ta yi hayaƙi, ta sayar da abin da take da shi, ta kwana a zaune watanni. A duk tsawon wannan wahala da wuya a samu wanda ya gaya mata, cikin harshen addinin da ta amince da shi, cewa abin da ke damun ɗan nata yana iya samun wani suna bayan aljani da sammu da lalacewar tarbiyya.

Littafin da za a yi tsokaci a kansa a nan ya girmi Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu, da kusan shekara 900. Duk da haka yana ɗauke da wannan sunan da aka rasa. Tambayar ita ce ko ya cancanci a shimfiɗa masa buzu a zaurukan karatu na cikin birni, irin na Unguwar Kona da Unguwar Juma, kusa da littattafan da aka gada, kuma idan ya cancanta, ina ne ya kamata malami ya tsaya ya yi masa gyara.

Marubucin da littafinsa

An haifi Abu Zaid Ahmad ɗan Sahl al-Balkhi wajen shekara ta 235 bayan Hijira (850 Miladiyya) a wani ƙauye kusa da Balkh, cikin ƙasar Afganistan ta yau, ya rasu a 322 (934). Ya yi karatu a Iraƙi, ya ɗauki ilimi a wurin al-Kindi, ya koma gida ya yi aikin rubutu a fadar mai mulkin Balkh. Ƙarnoni da dama an fi saninsa da ilimin taswirar ƙasashe. Masalihul Abdani wal Anfusi ya daɗe a rubuce da hannu a ma'ajiyar Ayasofiya ta Istanbul, har Fu'ad Sezgin ya buga hotonsa a Jamus a 1984. Mahmud Misri ya tace shi ya fitar a Alƙahira a 2005, sannan masanin halayyar ɗan Adam ɗan Sudan, Malik Badri, ya fassara kashi na biyu zuwa Ingilishi a 2013.

Littafin kashi biyu ne: babi 14 kan kula da jiki, babi 8 kan kula da rai. Hujjar da ya kafa kashi na biyu a kanta mai sauƙi ce. Mutum yana iya shafe shekaru bai kwanta ciwon jiki ba, amma da wuya ya wuni bai gamu da fushi ko tsoro ko ɓacin rai ba. Saboda haka likitan da ya bar wannan ɓangare ya bar abin da ya fi yawan samun mutane. Ya ɗauki ƙuncin zuciya a matsayin tushen sauran cututtukan rai, ya ware babi guda ga kowane ɗaya cikin huɗu: fushi, tsoro da firgici, baƙin ciki, da waswasin ƙirji. Daga cikin shawarwarinsa akwai cewa mutum ya tanadi tunani mai kyau tun yana cikin natsuwa, kamar yadda ake ajiye magani a gida kafin ciwo ya zo. Game da tsoro kuwa ya kwatanta abin da ake tsoro da hazo, wanda daga nesa yake kama da bango, in an shiga cikinsa a tarar iska ce. Duk wanda ya taɓa fita Ƙofar Doka da asubar hunturu ba ya buƙatar sharhin wannan misali.

Babi na bakwai, wanda ya yi magana kan baƙin ciki, shi ne mafi nauyi a littafin. Balkhi ya raba baƙin ciki gida biyu. Akwai mai sanannen dalili, kamar rasuwar masoyi ko asarar dukiya, kuma maganinsa tunani ne da nasiha: a tuna wa mutum yanayin duniya, a nuna masa cewa abin da ya same shi ya samu wasu, kuma zafinsa yana raguwa da kwanaki. Akwai kuma wanda yake sauko wa mutum ba tare da wani dalili da zai iya nunawa ba, ya kashe masa kuzari, ya raba shi da jin daɗin komai. Wannan na biyun Balkhi ya mayar da asalinsa ga jiki, ya ce sai an haɗa da maganin jiki, tare da tausasa masa magana da ɗebe masa kewa. Bayanin da ya bayar, wato gurɓacewar jini da sanyinsa, na likitancin Yunanawa ne, kuma ba wanda zai kare shi a yau. Rabon kansa kuwa ya tsaya. Amfaninsa ga malamin zaure a fili yake, domin mafi yawan nasihar da ake yi wa mai damuwa a garuruwan Hausa an gina ta ne a kan nau'i na farko kaɗai. Ana ce wa mutum ya yi haƙuri, ya yi tawakkali, ya dubi na ƙasa da shi. Idan ciwonsa na nau'i na biyu ne, nasihar takan koma tuhuma: ya duba bai ga abin da ya rasa ba, ya yi azkar bai ji sauƙi ba, sai ya yanke wa kansa hukuncin cewa imaninsa ne ya yi rauni. An ɗora masa nauyi na biyu a kan wanda ya zo da shi ke nan. Alhali Alƙur'ani ya ba da labarin Annabi Yaƙubu (Alaihis Salam), wanda baƙin ciki ya kai har ga idanunsa, ba tare da an zarge shi da ƙarancin imani ba, kuma malaman sira sun sanya wa shekarar rasuwar Nana Khadija da Abu Ɗalib sunan shekarar baƙin ciki.

Abin da zaure ya riga ya sani

Za a iya cewa wannan duk baƙon ilimi ne, daga almajirin masu falsafa. Amma wanda ya koma ya duba littattafan da ake karantawa a cikin birni zai tarar cewa Balkhi bai kawo abin da ya saɓa musu ba. Yaron da ya fara da Ahalari ya gamu, a babin rafkanuwa, da hukuncin mai waswasi: ya watsar da waswasin, kada ya sake kawo abin da yake kokwanto a kansa, ya yi ba'adi kawai. Risala ta Ibn Abi Zaid ta faɗi irin wannan game da wanda kokwanto ya aure shi. Ma'anar hukuncin ita ce malaman Malikiyya sun gane akwai kokwanton da ya zama lalura, wanda biye masa ke ƙara masa ƙarfi, kuma maganinsa ƙin amsa kiransa ne. Masu ilimin ƙwaƙwalwa na yau a kan wannan ƙa'ida suke gina maganin wannan ciwo. Babi na takwas na Balkhi ya ɗauki wannan lalura daga cikin salla ya faɗaɗa ta zuwa sauran rayuwa: mutumin da tunanin mutuwa ko na wata masifa ya addabe shi har ya hana shi sukuni. A 2015 Rania Awaad da Sara Ali suka wallafa nazarin da ya gwada bayanin nasa da kundin da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ke aiki da shi, suka nuna kusancin da ke tsakaninsu.

Wannan babi ya fi shafar ɗalibai. Malamai da yawa sun san irin ɗalibin da yake shafe rabin sa'a a wurin alwala, ko wanda yake zuwa a asirce yana tambaya ko tunanin da ya ɗarsu a zuciyarsa ya fitar da shi daga Musulunci. Irin wannan ɗalibi sau da yawa yana cikin mafi tsoron Allah a ajin. Idan aka amsa masa da ƙarin tsoratarwa, ko aka ce aljani ne ya shige shi, an ba ciwon abinci. Balkhi ya ba shi shawara biyu da kowa zai iya aiki da su: ya guji kaɗaici, ya guji zaman banza, domin zuciyar da ba ta da aiki a waje takan juya ta ci kanta. Ya kuma nemi amintaccen da zai riƙa gaya masa damuwarsa, saboda mutum yakan karɓi daga wani abin da ba zai karɓa daga kansa ba. Iyayen da suka ga yadda yajin aikin malaman jami'o'i na 2022 ya zaunar da 'ya'yansu a gida wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, za su fahimci nauyin gargaɗin nan kan zaman banza fiye da yadda sharhi zai fahimtar da su.

Haka abin yake a littafin da masu ruƙiyya suka fi dogara da shi. Ibnul Ƙayyim, a sashen magani na Zadul Ma'ad, ya raba farfaɗiya gida biyu, ta miyagun ruhohi da ta gurɓacewar sinadaran jiki, har ya nuna yiwuwar cewa matar nan da ta kai kukanta ga Manzon Allah (Sallallahu Alaihi Wasallama) tana fama ne da ta biyun. Ruƙiyya ta tabbata a Sunna, kuma ba a kanta ake jayayya ba. Abin zargi shi ne karatun da ya riƙe rabin rabon Ibnul Ƙayyim ya jefar da rabi, ta yadda duk wanda ya faɗi, ko ya yi surutai, ko ya daina magana, hukuncinsa ɗaya ne tun kafin a tambaye shi. Daga nan ne duka ke shigowa da sunan korar aljani, alhali jikin da bulala ke sauka a kai na ɗan Adam ne mai alfarma.

Hujja mafi ƙarfi tana cikin Mukhtasar na Shaihu Khalil, littafin da ake kammala karatun fiƙihu da shi bayan Iziyya da Risala da Askari. A babin aibobin da ke ba ma'aurata zaɓi, an lissafa hauka tare da kuturta da albaras, kuma an ba mai shi jinkirin shekara guda domin neman magani. Mazhabar da ta yanke wannan hukunci ta ɗauki taɓin hankali a matsayin ciwo irin sauran cututtuka, wanda ake fatan warkewarsa, kuma ta ba shi lokaci. Haka kuma ta ɗauke wa mai shi alƙalami, ta ƙi zartar da sakinsa, ta naɗa masa waliyyin da zai tsare dukiyarsa. Wanda shari'a ta ɗauke masa alƙalami ba a hukunta shi, balle a yi masa horo da yunwa. Saboda haka gidan mari ba shi da mafaka a cikin fiƙihun da masu shi suka karanta.

Inda Balkhi ya gaza

Yabon da aka yi wa littafin tun bayan fassarar Badri ya yi yawa har ya rufe iyakokinsa. An fi sha'awar nuna cewa Musulmi ne suka riga Turawa gano hanyar magani ta gyaran tunani. Ko da hakan gaskiya ne, bai sauke wa kowace uwa nauyi ba. Fassarar ma ta ɗauki kashin rai ta bar na jiki, alhali babbar da'awar marubucin ita ce jiki da rai a sarƙe suke, ciwon ɗaya yana taɓa ɗaya. Wanda ya karanta babi 8 ɗin kaɗai zai ɗauka Balkhi mai wa'azi ne, ya manta cewa ya fara da barci da abinci da iska da motsa jiki. Kashin jikin kuwa yana da nasa tarko: akwai babi kan abin sha inda ya yi maganar abin maye da sigar likitocin zamaninsa, da babi kan sauraren kiɗa. Na farkon ba mai karɓarsa a Malikiyya, kuma a garin da shaye-shayen kodin da ƙwayoyi suka cinye samari da matan aure, har gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin a 2018, dole malami ya faɗi ɓacinsa ƙarara.

Babban giɓin ya fi wannan zurfi. Balkhi ya rubuta ne domin mutum ɗaya mai cikakken hankali, mai hutu da wadata, wanda zai iya zama ya yi wa kansa nasiha. A babin fushi ma hankalinsa yana kan sarakuna, waɗanda ya shawarta su ajiye mai ba su baki a kusa idan ransu ya ɓaci. Babu babi kan wanda hankalinsa ya gushe gaba ɗaya, wanda ba ya jin nasiha domin ba ya tare da mai yin ta. Kuma babu babi kan wanda ke zaune kusa da shi. A gidajen cikin birni, inda kaka da 'ya'ya da jikoki ke zagaye da tsakar gida ɗaya, ciwon mutum guda na gidan ne duka, amma jinyarsa kusan kullum tana kan mace guda: uwa, ko mata, ko 'yar da aka cire daga makaranta. Ita ce ke ɓoye wuƙaƙe, ita ce ke bin sa idan ya fita da dare, ita ce ke ɓoye zancen domin kada a fasa auren ƙannensa. Idan aka zo dubiya, mara lafiya ake tambaya. Ita kuwa sai a ce mata Allah Ya ba da lada, a tashi. Addu'a ce mai kyau, sai dai ba ta ba ta barcin dare ɗaya ba. Fiƙihu ya tsara wanda ciyarwa ta wajaba a kansa da wanda ke riƙe dukiya, amma gajiyar mai jinya ba ta samu babi ba a can ma.

Abin da zai cike giɓin yana cikin Sunna, ga wanda ya karanta da lura. A hadisin Bukhari na ziyarar Salmanu ga Abud Darda'i (Allah Ya yarda da su), abin da Salmanu ya fara gani shi ne halin da matar gidan take ciki, ya tambaye ta, kuma daga amsarta ne maganar haƙƙin jiki da haƙƙin iyali ta taso, wadda Manzon Allah (Sallallahu Alaihi Wasallama) ya gaskata. Baƙo ne ya shigo ya lura da wadda ba a lura da ita. Nana A'isha (Allah Ya yarda da ita) kuwa takan sa a dama talbina, wani kunun gari, ga mara lafiya da waɗanda aka yi wa rasuwa, bisa abin da ta ji cewa yana sanyaya zuciya ya rage baƙin ciki. Wato an amsa ɓacin rai da abinci mai ɗumi, daga hannun wani. Bahaushe ya san wannan a aikace, shi ya sa ake kai abinci gidan makoki, ake mayar da mai haihuwar fari gidan iyayenta wankan jego. Matsalar ita ce waɗannan al'adu an yi su ne domin nauyin kwana bakwai ko arba'in. Jinyar mai taɓin hankali takan ɗauki shekaru, kuma maƙwabta sukan janye tun a watan farko, wasu don tsoro, wasu don kunyar da gidan kansa yake ji.

Ba za a ce asibiti ya ɗauke wannan nauyi ba. Akwai sashen masu taɓin hankali a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, kimanin kilomita 80 daga Zariya, amma adadin da aka saba ambata na likitocin wannan fanni a Nijeriya duka bai kai 300 ba. Dokar da aka sanya wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta ba mara lafiya haƙƙoƙi a rubuce, sai dai doka ba ta kwana da shi a ɗaki. Tarihin Musulmi ma bai kuɓuta daga sarƙa ba: Ibn Jubair ya ga masu taɓin hankali a ɗaure a asibitin Dimashƙa a ƙarni na 12, ko da yake a can ɗaurin yana tare da magani da likita mai zagayawa. A nan ne kukan Imam Gazali a farkon Ihya ya dace da ɗaliban ilimin addini na yau. Ya lissafa likitanci cikin farillan kifaya, ya yi mamakin garuruwan da suka cika da masu zurfafa rassan fiƙihu alhali babu likita Musulmi a cikinsu. Birnin da ya tara malamai kamar Zazzau, da jami'a a bakin ƙofarsa tun 1962, ba shi da uzurin barin wannan farilla. Mafi ƙarancinta shi ne limami ko malamin zaure, wanda shi ake fara kai wa kuka kafin kowa, ya san alamomin da idan ya gan su zai yi addu'a sannan ya ce a tafi Shika yau, musamman idan mutum ya fara ambaton kashe kansa.

Malamin da zai karantar da littafin a zaure, yana fassarawa kalma bayan kalma kamar yadda aka saba, zai ci karo da wata wahala tun a babi na huɗu. Balkhi ya bambanta huznu da jaza'u, ya kwatanta na farko da garwashi, na biyu da wuta mai ci, kamar yadda ya bambanta khaufu da faza'u. Hausa tana da kalmomin da za su ɗauki wannan: baƙin ciki, ƙunci, zullumi, fargaba, firgita, raki, zautuwa. Amma a bakin mutane yau kalmar damuwa ta haɗiye kusan dukkansu, daga rashin kuɗin cefane har zuwa ciwon da ke hana mutum tashi daga shimfiɗa, yayin da kalmar hauka ta haɗiye duk abin da ya wuce nan. Tsakanin waɗannan kalmomi biyu ne nau'i na biyu na baƙin cikin Balkhi ya faɗo, kuma sai malamin ya zaɓa masa sunan da dattijuwa a Kwarbai za ta iya faɗa wa surukanta ba tare da an fasa auren jikarta ba.